Inna da Tsohuwar Jif

Ni ne ɗan farin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce, "Ku ce ma wancan ya zo." In na gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Haka ake yi wa kowane ɗan fari a ƙauyenmu da ke bayan Tsiga, kunya ce, kuma na san da za a tsaga ƙirjinta ni za a fara tararwa. Amma ni mutum ne mai son ya ji da kunnensa, kuma na kai shekarun aure da haihuwa ban ji ba.

Sai da na yi mota muka sami hanyar magana. A shekarun da auduga ke da daraja na koma Funtua da zama, ina saye a ƙauyuka ina kai wa masu gurza. Allah ya buɗa, na sayi jif ta hannu mai shan gas. Ba zan yi mata ƙarya ba, mummuna ce. Goshi a miƙe, gefe a miƙe, kamar an ɗora akwatin ƙarfe a kan taya. Kujerarta kuwa, in ka je Dandume ka dawo a kai, sai an taka maka baya. Ƙararta ce abin faɗa. In na tashe ta da safe kajin maƙwabta sai sun sauya unguwa, matata kuma ta daina tashin yara makaranta, ta bar wa motar aikin.

Wannan ƙarar ita ke riga ni isa gida. Tun ina gangaren rafin da ke gabas da ƙauye Inna take jin ta. Kafin in haye in ratso gonaki ta dama fura, ta sa an share zaure, ta yafa mayafi ta fito ƙofar gida, wai ta zo duba awakinta. Awakin kuwa ko kallo ba su ishe ta ba. Ina kashe mota sai ta zagayo ta dafa goshinta, ni kuma in fito in tsuguna a gefe.

"Sannu da hanya," in ji Inna, da motar take. "Kin sha rana. Duk kin rame. Halan ba a ba ki abinci a birnin?"

"Ana ba ta, Inna."

"To ta riƙa ci dai. Kuma ta rage gudu, ba a kora ta ba. 'Ya'yanta fa, suna lafiya?"

"Lafiya lau, ƙaramin ya fara tafiya."

"Madalla. Ga fura can a zaure, kada ta yi tsami."

Ƙanwata, autarmu, wadda take zaune a ƙauyen da mijinta, takan tsaya bayan Inna tana toshe baki. Ita ai ba ruwanta, a cinyar Inna take kwanciya har da goyonta. Ni kuwa wannan 'yar hirar ta bakin mota ita ce rabona, kuma ta ishe ni. A hanyar dawowa har waƙa nake yi, ko da yake ba mai ji saboda injin.

To a Funtua muna da majalisa ta masu mota, ƙarƙashin darbejiya gaban shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyara. Haifaffen garin ne, Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Bayan la'asar kowa zai faka tasa inda za a gan ta, a shimfiɗa tabarma, a sayi rake, a shiga zagin motocin juna. Babbanmu wani Alhaji ne mai manyan motocin dakon hatsi, wanda a wurinsa duk abin da ba ya shan gas kayan wasan yara ne. Ina cikin 'yan gaban goshinsa a lokacin.

Ran nan sai ga sabon yayin irin jif ɗina an shigo da ita gari. Majalisa ta tashi gaba ɗaya muka je kallo. An goge mata kusurwoyi, fitilun da muka sani kamar idon mujiya an mai da su masu kusurwa huɗu, gilashi ya faɗaɗa, kujeru sun yi taushi, ga rediyo mai kaset, ga na'urar sanyi. Da aka tashe ta sai da na sunkuya na kara kunne kafin na yarda tana aiki. Fetur take sha.

Alhaji ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa ƙofa da zobensa, ya taɓe baki. "Wannan ai gwangwanin madara ne. An ɗauki motar daji an yi mata kwalliyar 'yan ofis. Ku bari damina ta sauka, shanun noma za su jawo ta."

Wani malamin asibiti da ke zama da mu ya ce ko ba komai mai wannan zai isa ɗaurin aure da farar rigarsa fara, ba ya warin hayaƙi. Alhaji ya ce warin gas ai warin arziki ne. Aka ce mai fetur murɗa ɗaya take tashi ko da sanyin asuba. Alhaji ya ce mai gas in ta tashi ba ta san gajiya ba, injinta sai ya binne mai shi. Mai shago ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce shi ya ji a rediyo Turawa na gwada wata mota, rabi fetur rabi batir, in tana tafiya a hankali ko numfashinta ba a ji.

"Batir?" in ji Alhaji. "Kamar tocila? To in ya yi sanyi sai a ciro a shanya a rana ke nan. Mota ta tsaya wuri ɗaya mana, ko ta sha mai ko ta bari."

Muka yi ta dariya, har da ni. Amma idona na kan kujerun nan. Bayana ya gaji, kuma na gaji da shiga taro mutane suna matsawa. Kaka na yi, da aka gama cinikin auduga, na sayi sabuwar. Tsohuwar kuma na sayar wa wani Bayarabe ɗan Malumfashi mai sayen wake a ƙauyuka. Alhaji ya yi sati ba ya amsa gaisuwata da kyau, yana ce mini ɗan ridda. Har yau in aka tambaye ni, ina nan a kan bakana: sabuwar ta fi. Damina ta zo ta wuce, ba saniyar da ta jawo ta.

Ranar da na fara kai ta gida na sha ado, na sa kaset, na rufe gilashi. Na gangara rafi, na haye, na ratsa gonaki, na tsaya ƙofar gida. Ba kowa sai awaki. Zaure ba shara. Na yi sallama na kutsa ciki, sai ga Inna zaune a tsakar gida kai ba ɗankwali, Auta na yi mata tsifa, tana ba da wani labari tana dariya har da buga cinya. Ban taɓa ganin haƙoranta duka ba sai ran nan. Tana ɗaga kai ta gan ni, dariyar ta yanke. Ta wawuri ɗankwali ta faɗa ɗaki.

Daga bakin ƙofa na gaishe ta, daga ciki ta amsa. Da ƙyar Auta ta jawo ta ta fito ganin mota. Ta tsaya nesa, hannu a cikin mayafi.

"Ina waccan?"

"An sayar, Inna. Wannan ta fi ta komai."

Ta daɗe tana kallonta. Na ƙagu ta matso ta dafa, ta ce ta rame ko ta yi ƙiba, ko me ma. Sai ta ce, "Allah shi sa alheri. Baƙuwa ce, ban san abin da ake ce mata ba." Ta juya ta shige. Ran nan ruwan randa na sha na koma.

Na ce ai abu mai sauƙi ne, ƙarar mota ce ba ta ji ba. Zuwa na gaba tun daga rafi na kwanta a kan oda har ƙofar gida. Inna ba ta fito ba. Auta ta ce ta ɗauka wani direba ne ke faɗa da shanun Fulani. Sai na je wurin bakanikena na ce ya huda mini salansar motar, wato bututun hayaƙi, don ta yi ƙara. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Maigida, sabuwa ce fa." Na ce na sani, ni na saya. Ya huda. Da na iso majalisa da yamma tana tatata, Alhaji ya yi dariya har rake ya sarƙe shi, ya ce ga gwangwani yana koyon maganar manya. Na haɗiye, na kai ta ƙauye haka. Inna ta aiko yaro ya ga ko wane ne mai babur ɗin da ya lalace, a taimaka masa da turi. Washegari na mayar aka liƙe hujin.

Daga nan zuwana gida ya zama gaisuwar bakin ƙofa. In tsuguna, ta amsa wa bango, in ajiye abin da na kawo, in tashi. Abin ya ci ni ƙwarai, kuma ya ba ni haushi, don ban san wa zan kai ƙara ba. Ƙato da ni, mai iyali, ina kishin tsohon ƙarfe. Na fara ja baya da zuwan, ina cewa aiki ya yi yawa.

Auta ce ta zo Funtua suna, ta tare ni a zaure tana hararata.

"Yaya, ka san tsohuwar motarka na bi ta ƙofar gida duk ranar kasuwar Tsiga?"

Na ce ina ruwana, ai ta mai ita ce.

"To Inna na jin ta tun daga rafi. Ta dama fura, ta sa a yi shara, ta fito duba awaki. Motar ta wuce, ta koma ciki."

Na ce, "Ba ta san na sayar ba ne?"

"Ta sani mana. Na ce mata, Inna, ba shi ba ne fa. Ta ce ta sani, ƙafarta ce ke fitowa da ita." Auta ta gyara goyo. "Rannan mutumin ya tsaya neman ruwan zuba ma injin, ta ba shi furar. Yanzu duk sati sai ya tsaya. Mama yake ce mata. Har ya yi kumatu."

Ranar kasuwa na zagayowa na yi sammakon Malumfashi. Na sami Bayaraben gaban shagonsa yana loda buhunan da babu komai a ciki. Da gaske ya yi kumatu. Bayan gaisuwa na ce na zo ya mayar mini da motata, ya faɗi abin da yake so.

Ya yi dariya ya shafa ƙofarta. "Maigida, ko ka haɗa mini da sabuwar ba na bayarwa. Wannan ba ta san taɓo ba, ba ta san gajiya ba. Gas ke nan, maigida."

Na ce ban zo jin wa'azin gas ba, ina da mai yi mini a Funtua. Na yi magiya, na yi fushi, na koma magiya. Da ya ga abin nawa ba na ciniki ba ne sai ya tsaya ya dube ni da kyau. Ina jin ya daɗe da gane furar wa yake sha.

"Yanzu Tsiga na nufa," in ji shi. "Kujerar gaba ba kowa."

Na kulle sabuwar jif ɗina a ƙofar shagonsa, da kaset ɗinta da sanyinta, na tattare babbar riga na hau. Kujerar nan ta karɓe ni da mugunta kamar da. Kafin mu bar kwalta rigata ta ɗauki wari, kuma ba mu yi hira ba don ba mai jin wani. Da muka fara gangaren rafi ya sauya giya, injin ya yi gurnanin nan nasa. Na goge fuska da hannun riga, na ce hayaƙi ne.

Tana nan ƙofar gida cikin mayafi, awaki na cin dusa a bayanta, ƙwaryar fura a kan dakali. Ya kashe mota. Na buɗe ƙofa na sauko na tsuguna a gefe. Na san ta gan ni, don mayafin ya ɗan motsa, amma ba ta juyo ba. Ta zo ta dafa goshin motar, ta daɗe hannunta na kai, duk da zafin ƙarfen.

"Sannu da hanya," ta ce. "Kin kyauta. Kin kyauta da kika ɗauko mani shi."

Bayaraben ya gaishe ta, ya nufi dakali yana miƙa hannu yadda ya saba. Inna ta riga shi. Ta ɗauke ƙwaryar, ta ce masa, "Taka tana ciki, a kawo maka." Sannan ta sunkuya ta ajiye ta a gabana, tana kallon awaki.