Hannun Daman Haladu Bahago

Duk wanda ya saba cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san Haladu Bahago, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan da ke tsayawa inda ake lodin shanu, da igiya a kafaɗa. Tun yana saurayi aikinsa ke nan. Da hagu yake jefa igiya, in ta zarge ƙaho sai ya naɗe sauran a sangalin hannun dama, ya kafe ƙafa a ƙasa. Bajimin da ya gagari ƙarti, a hannunsa yake yin laushi.

Da ƙodarsa ta gaza, ta wuya aka fara yi masa wanki, ta wata roba da aka soka masa. Robar nan ta jawo masa zazzaɓin da sai da aka aika wa dangi a Sule Tankarkar. Allah ya yi da sauran kwana. Da ya murmure, likita a Kano ya tambaye shi hannun da yake aiki da shi, ya ɗaga hagu. Sai aka tsaga na daman a wuyan hannu, aka haɗa jijiyoyi biyu don jini ya riƙa gudu da ƙarfi, a sami inda za a riƙa soka allurar injin wankin. In ka ɗora yatsa a wurin za ka ji yana zuu, kamar ƙudan zuma a cikin amya.

Justina, ma'aikaciyar jinya a ɗakin wankin ƙoda, ita ta zaunar da shi da matarsa Talatu.

"Baba Haladu, ka san kantun riɗi?"

"Sista, a Gagarawa fa na yi aure, garin riɗi."

"To a cikin jini akwai wasu 'yan ƙwayoyi, ka ɗauke su kamar riɗi. Su ke toshe rauni in ka yanke. Amma ba su da wayo. In aka matse jijiyar nan, ko ta ji ciwo ta ciki, ko jini ya rage gudu, sai su ɗauka rauni ne, su taru su manne su zama kantu. Hanya ta toshe ke nan."

Ta ba shi wata 'yar ƙwaya da likita ya rubuta, mai rage musu danƙo. Ta ce ba ita ce magani duka ba, taimako ne. Kada ya kwanta a kan hannun, kada ya ɗaura masa agogo, balle igiya.

"In ta toshe fa?" in ji Talatu.

Justina ta dubi hannunsa na hagu, ta ci gaba da naɗe audugarta.

Haladu ya koma kasuwa da rabin aiki. Shi ke jifa, taubashinsa Ɗahiru ke riƙo.

"Bahago, ka zama alhaji a Mina," in ji Ɗahiru. "Jifa kawai, a bar mu da Shaiɗan."

"Ai kun san juna, shi ya sa na bar maka."

Ƙwayar ce ba su daɗe tare ba. Tun da ya fara shanta, in ya goga asuwaki sai dasashinsa ya yi jini. Wata rana a wurin alwala ya tofar da ja a gaban jama'a, wani dattijo ya ce ya sake alwala, wani ya ce ba sai ya sake ba, aka yi ta gardama a kansa. Haladu mutum ne da ba ya son a taru a kansa. Bai jefar da ƙwayar ba, bai kuma faɗa wa kowa komai ba. Ta dai daina ƙarewa.

Ran wata Alhamis cikin bazara, an kusa gama loda motar Kudu, wani jan bajimi da aka kawo daga Damagaram ya juyo daga kan gangaren lodi. Haladu ya jefa, igiya ta kama. Ɗahiru ya zame a kan kashin shanu. Gaban bajimin kuwa rumfar mata masu fura ce.

Hannun da ya shekara talatin yana abu ɗaya ba ya jiran shawara. Kafin Haladu ya tuna da Justina, igiya ta zagaye sangalin dama, ta ciza. Ya riƙe har aka zo aka kama ƙafar bajimin.

Mutane suka yi ta sa masa albarka. Shi ya ja hannun riga ya rufe shatar igiyar, ya zauna a gindin mota. Ya sa yatsa a kan jijiyar. Akwai motsi, amma kamar daga nesa. Ya ce a ransa gajiya ce, ya tashi ya ƙarasa lodi, don bai taɓa barin mota rabi ba.

Da ya isa gida a Gumel bayan la'asar, Talatu ta kawo ruwa, ta miƙo hannu za ta taɓa wurin jijiyar kamar kullum. Ya karɓi moɗa da daman, ya ɗaga ta sama.

"Maigida, ba ni hannun."

"Bari in sha ruwa mana."

"Ka sha da hagu. Yau ka fara?"

Ta ɗora yatsu. Ta matsar da su sama, ta dawo da su ƙasa. Ta sunkuya ta kara kunnenta. Akuya na ta kuka a bayan danga, ta ce wa maƙwabciya don Allah ta ja ta gaba. Ta sake karawa. Jijiyar ta yi tauri a ƙarƙashin fata, kamar an cusa kara.

Ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi, ta fito da robar ƙwayar a hannu, ta girgiza ta sau ɗaya, ta ajiye a gabansa.

Sun sami Justina a asibiti tana shirin tashi. Ta sa abin sauraro a kunne, ta daɗe tana bin jijiyar.

"Tun yaushe?"

"Wajen azahar."

"Igiya?"

Ya dubi ƙasa.

Ta kira Kano a waya. Aka ce su zo da sassafe, wani lokaci ana iya buɗewa in gudan jinin bai daɗe ba. Ɗahiru ne ya samo mota. Duk tsawon hanya bai yi wasa ko ɗaya ba, sai dai ya riƙa ce wa direba ya bi ramuka a hankali, kamar rami ne ya yi laifin.

Likitan ya shafa wani abu mai sanyi a hannun, ya yi ta kallon allon na'ura. Ya nuna musu wani wuri mai duhu, dogo, inda babu abin da ke motsi. Ya ce jijiyar ta ji ciwo ta ciki, ko an buɗe za ta sake kamawa. Wankin gobe, ta wuya za a yi.

Sai ya ajiye hannun daman a kan cinyar Haladu, a hankali.

"Baba, mu ga ɗayan."

Haladu ya dubi Ɗahiru, ya dubi tafin hagunsa, duk ya yi kanta. Sannan ya fara naɗe hannun riga.