Minti Goma Sha Biyar a Hanyar Dayi

Shekarun baya, ranar ɗaurin auren ƙanena, aka ɗora mini aikin da ya fi na kowa nauyi: in ɗauko Baffanmu daga Funtua in kai shi Dayi kafin a sauko Juma'a. Shi zai karɓi auren, tunda mahaifinmu ya rasu. Goro da alewar ma suna but ɗin motata. In ban isa ba, babu mai karɓa, babu abin rabawa.

Ni kuwa malamin makaranta ne, ko taya ce ta yi faci sai na kira wani. Baffa ba ya ɓoyewa, yakan ce boko ya cinye mini hannu.

Lokacin kaka ne, kuma kwana huɗu motar ta yi a gindin buhunan masara. Mun ɗan wuce Malumfashi ke nan sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gabana, mota ta fara jan ƙafa. Na taka totur har ƙasa, amma mai keke ma ya kusa wuce mu. Na tsaya na buɗe bonet. Ga kashin ɓera, ga wata siririyar waya kusa da bututun iska da ya gwaguye, gargadar hanya ta ƙarasa ta. Na haɗa ta, na naɗe da salatif ɗin da nake liƙe takardun jarrabawa. Na tayar, fitila na nan, mota ta ƙi gudu.

Baffa ya leƙo ta taga ya ce, "To Malam, ko littafi za ka karanta mata?"

Wallahi maganar ta yi mini zafi. Ga hanya fayau, duk wani bakanike ya tafi masallaci. Sai na tuna abin da wani mai gyaran wayoyin mota ya taɓa gaya mini: birenbos, wato ƙwaƙwalwar mota, akwai riƙo. Ko an gyara matsala, wani lokaci sai an cire kan batir an ba ta kamar minti goma sha biyar kafin ta manta. Na lalubo sufana mai lamba goma, na kwance kan batir, na danne hon har sauran wutar ta zuƙe, na koma gefe na tsaya.

Ban taɓa ganin minti mai tsawon waɗannan ba. Baffa ya dubi agogo, ya dube ni.

"Kai yaro, gyara kake yi ko zaman makoki?"

"Baffa, a ƙara haƙuri, saura minti biyar."

Lokaci na cika na mayar da kan batir na ɗaure, na yi bismilla na murɗa makulli. Fitilar nan ta ɗauke. Na taka, mota ta zabura har hular Baffa ta karkace.

A sahun ƙarshe muka samu raka'a ta biyu. Da liman ya ce ina wakilin ango, Baffa ya matsa gaba yana gyara babbar riga. Ana shafa fatiha ya kamo hannuna, duk baƙin mai, ya ɗaga a gaban jama'a.

"Kun ga hannun nan? Shi ya kawo mu."

Har yau ban iya gyaran mota ba, kada wani ya kira ni. Amma duk lokacin da na tuna, sai in ji kaina ya fasu. Shaddar da na sa ranar tana nan da tabon mai a hannun riga. Matata ta sha cewa a kyautar da ita, na ce a bar mini kayana.