Ranar da Na Rubuta "Ƙanwata"

Shekarun baya, ina hutun makaranta a garinmu da ke gefen Guri, mutane suka riƙa kwararowa daga ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka, suna gudun aikin tilas. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce Musulmi ne 'yan'uwanmu, wasu suka ce fadamar da kogin ba za su ishe mu ba. Kawuna na cikin na biyun, kuma muryarsa ta fi ta kowa.

A gidanmu wata Bamangiya ta sauka da jaririya, mijinta ya rasu a hanya. Hausarta kaɗan ce. Yini take a gindin tsamiya tana kallon ƙofa.

Wata Laraba da hantsi ɗan doka ya yi sallama da takardar Bature, kawuna na biye da shi. Da yake ni ce mai karatun boko, ni aka miƙa wa. A makaranta har yabon muryata ake yi, amma ran nan sai ta koma kamar ta sauro. Takardar ta ce duk baƙon da ba shi da shaida, ba shi kuma da dangi a gari, a mayar da shi. Na so in tsallake layin, na kasa.

Kawuna ya nuna baƙuwarmu ya ce ga ta nan, ba ta da kowa. Matar ta ƙanƙame 'yarta har yarinyar ta fara kuka.

Daga bayan zana mahaifiyata ta yi magana, a lokacin tana goyon autanmu. Ta ce ranar da suka iso nonon matar ya ƙafe, ita ta shayar da yarinyar har kwana tara.

"Yaya, wannan 'yata ce ta nono. Ƙanwar mai karanta muku takardar ce."

"To, 'yar ke nan. Uwar fa?"

"Sai ka sa hannunka ka raba su, ina kallo."

Aka aika wa liman. Muna tsaye cikin rana, ba mai duban wani. Da ya zo ya ce ko sau ɗaya nono ya shiga cikin jariri, zumunta ta ƙullu, shi kuwa ba zai warware abin da shari'a ta ɗaura ba. Ɗan doka ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce in rubuta a bayan takardar yadda muke da su. Na rubuta "ƙanwata da mahaifiyarta". Kawuna ya yi wata biyu bai taka gidanmu ba.

Yarinyar ta girma a ɗakinmu, ni nake mata kitso. Amma idan na tuna ranar, ba murna ce take fara zuwa mini ba. Daga gidanmu ɗan doka ya wuce da ni maƙwabta, inda wani tsoho da matarsa suka sauka. Su ba su da jariri. Takardar nan dai na karanta musu, kuma a karo na biyun muryata ba ta yi rawa ba. Wannan ne har yau nake jin kunyarsa.