Ƙyallen Gwaggo Vesta

Gwaggona Vesta Hruska ba ta da sauƙi, wannan kowa a garinmu na Nebraska ya sani. Tana budurwa ta fara aiki a rumfar jiragen sama ta Emmett Sandahl, tana ɗinka yadin da ake lulluɓe fukafukai da shi. Jiragen lokacin katako ne da yadi da waya, sai inji mai ƙarar tsiya. Ta yi ta yi wa Emmett naci har ya gaji ya ce ta hau.

A jirgin koyo ɗalibi ne a gaba, malami a baya, kuma ko ihu ka yi ba mai jin ka. Sai dai malam ya kama ƙasan rigar ɗalibi, in ya ja dama a yi dama, in ya ja hagu a yi hagu. Ranar da ɗalibi ya tashi shi kaɗai ya sauka lafiya, malaminsa ne zai yanke ƙasan rigar, tunda ba sauran ja. A rubuta suna a ƙyallen, a kafe shi a bangon rumfa.

Gwaggo ta tashi ita kaɗai a 1927, sanye da rigar babana. Ta sauka, maza suka yi tafi, ta tsaya tana jira. Emmett ya zo da almakashi, ya dube ta, ya mayar da shi aljihu, ya wuce abinsa.

Daga nan ta yi aiki ba na wasa ba. Ta kai likita gidajen makiyaya lokacin da ƙanƙara ta toshe hanya, ta kai magani da iri, da yaƙin duniya na biyu ya zo ta koyar da samari tuƙi. Duk wanda ta yaye ta yanke masa riga da hannunta. Bango ya cika fal, amma babu nata. Abin yana cin ranta, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba.

Ta tsufa, sai gidan tarihi na jiha ya ce zai ɗauke bangon ɗungurungum, yana kuma son takardunta: lasisi, hotuna, taswirorin da ta yi ta zane a kai. Ina taya ta haɗa kwalaye na ga rigar nan ta babana a ninke, ba a taɓa ta ba.

"Gwaggo, kawo in yanke miki mana."

"Ke Twila, ke kika koya mini? Ajiye! Kuma ko takarda ɗaya ba za su samu ba. Gobe jikokin wasu su dubi bango su ce ban taɓa tashi ba?"

"To ai Malam Emmett yana nan da ransa a gidan tsofaffi."

Ta yi tsaki. Washegari sai ga ta da hula, rigar a hammata, tana yi mini faɗa wai na makara.

Mun same shi a keken guragu yana shan hantsi. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta jefa masa rigar a cinya.

"Malam, me na yi maka? Saukar ce ba ta yi ba?"

Ya daɗe yana shafa rigar. "Saukarki ta fi tawa, Vesta."

"To don me?"

"Haba! Ga babanki tsaye da cokali mai yatsu na kwasar ciyawa, ga maza cike da fili, in yaga rigar 'yar mutane? A sama ba mai gani. A ƙasa kunya ta kama ni."

"Kunya! Tsohon banza, na yi ta zaton ka ga ban isa ba ne."

Dariya ta ƙwace mini, amma da na dube ta na ga idonta ya kawo ruwa, tausayinta ya kama ni. Na miƙa masa almakashi. Tsufa ya ci ƙarfinsa, ya kasa kama yadin. Gwaggo ta durƙusa ta riƙe masa hannu.

"Dama, Malam. Yauwa. Hagu kaɗan."

Haka suka yanke shi, a karkace. Ta ba da kwalayen a satin nan. In ka je gidan tarihi za ka gane ƙyallenta a bangon tun daga ƙofa: duk sauran sun yi baƙi da hayaƙin inji, nata ne kaɗai fari.