Inna Kaltume Ta Sauko Daga Fiƙra

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 11 ga Muharram 1446, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Inna Kaltume a gidanta na unguwar Ƙurban, nan Madina.

Inna, lokacin da na zo aikin asibiti daga Zariya ban san kowa ba. Kika ji ina Hausa a waya a bakin ƙofa, kika ce, "'Yar nan, daga yau a gidana za ki ci tuwo." Haka kuwa aka yi. Da na haifi Najwa, ke kika yi mini wankan jego.

Da ciwon ƙirji ya tsananta miki, zafin Madina ya hana ki numfashi, ɗanki Walid ya kama miki gida a Fiƙra, ƙaramin garin nan na kan dutse inda mutanen Madina ke zuwa shan iska. Na ziyarce ki can, na tarar da ke a tsakar gida, kin yafa mayafi saboda sanyi, kina shan shayi da zumar da maƙwabciyarki ta kawo. Tarin ya lafa. Kika nuna mini hazo yana sauka kan duwatsu, kina dariya kamar yarinya. Kika ce tun da aka haife ki ba ki taɓa barci mai daɗin na garin nan ba.

Amma da zafin Madina ya kai maƙura, kika ɗaure kayanki za ki koma gida. Walid ya roƙe ki da Larabci ki zauna, har ya yi kuka. Ni ma na faɗa miki abin da na sani a matsayin likita. Kika ce, "Surayya, ina son wurin nan, wallahi. Amma kakana da ƙafa ya tako daga Katsina don a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Ba zan bari mutuwa ta same ni a kan dutse ba."

Ba ki yi wata guda da saukowa ba ajali ya zo.

Har yau zuciyata ba ta kwanta ba. Na san da kin zauna, wataƙila da kin ga auren Rumaisa jikarki. Amma kuma na ga farin ciki a fuskarki sa'ad da motar da ta ɗauko ki ta shigo Madina. An sallace ki a Harami, aka kai ki Baƙi'a.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki. Walid, Rumaisa da dukkan dangi, Allah ya ba mu haƙurin rashinta.