Kanar Prudencio Gellada, Wanda Laƙabinsa Ya Kayar

Haihuwa da Asali

An haifi Prudencio Tupas Gellada a shekarar 1938 a garin Santa Rufina da ke tsibirin Panay, ɗa ga Anselmo Gellada, manomin rake kuma kansila, da Remedios Tupas, mai sayar da busasshen kifi. Yana da shekara goma sha ɗaya aka harbe mahaifinsa a bakin rumfar zaɓe, kamar yadda aka yi wa ƙanen mahaifin da kakansa, har mutanen garin kan ce akwatin ƙuri'a da akwatin gawa kafinta ɗaya ke haɗa musu.

Karatu da Aikin Soja

Bayan ya kammala sakandare a Iloilo, ya shiga makarantar hafsoshi ta Baguio, ya fito laftana a 1961. Ya yi akasarin hidimarsa a Mindanao, inda dakarunsa suka laƙaba masa Karabaw, wato ɓaunan huɗar shinkafa, saboda faɗin kafaɗa da nawa da taurin kai. Ya tsani sunan nan iyakar tsana, duk sojan da ya yi suɓutar baki ya faɗe shi a gabansa sai ya sha gwale-gwale. Ya yi ritaya a 1986 da muƙamin kanar.

Aure da Iyali

A 1965 ya auri Milagros Sumagaysay, malamar firamare, suka haifi 'ya'ya biyar. Burinta ɗaya ne a duniya, kada siyasa ta cinye mata ɗa yadda ta cinye mazan gidan.

Zaɓen 1988

Duk da roƙonta, Kanar ya tsaya takarar magajin gari, ya kara da Don Hilario Lacuesta, mai injin sukari. A wancan zamanin, da hannu mai zaɓe ke rubuta sunan gwaninsa, doka kuma ta ba ɗan takara damar yin rajistar laƙabi ɗaya tak. Kanar ya yi rajistar Densyo, sunan da daga uwarsa sai matarsa ke kiransa da shi. Manoma kuwa suka yi tururuwa suka rubuta Karabaw, aka soke ƙuri'unsu, Lacuesta ya haye.

Washegari da hantsi tsofaffin dakarunsa suka cika masa tsakar gida da bindigogi, babban ɗansa Rodel na kan gaba. Saja Bitoy, tsohon dogarinsa, ya ce, “Oga, ɗaga mana gira kawai, kafin rana ta take akwatunan na falonka.”

Milagros ta fito daga kicin ta ce, “Densyo, dubi wanda ke gaba. Shi za a fara kawo mini a kafaɗa.”

An ruwaito cewa Kanar ya daɗe yana duban ɗansa kafin ya ce, “Ba wanda ya sace mana komai. Ku kuka sa mini sunan dabba, ni na yi girman kai, dabba ta tunkuye mu. Ku ajiye ƙarafan nan, a ɗora shinkafa.” Daga nan ya taka da ƙafa har gidan Lacuesta ya taya shi murna. Garin ya yi ajiyar zuciya, limamin coci ya mayar da kyandirorin da ya riga ya tanada don makoki.

Mulki da Tsufa

A 1992 ya haƙura ya yi rajistar Karabaw, ya lashe zaɓe, ya riƙe kujerar har 2001, ya gina gadar kogi da ɗakin haihuwa. Da wa'adinsa ya cika ya ƙi ɗora matarsa ko ɗansa a kujerar kamar yadda aka saba, ya koma gonar rake.

Rasuwa

Ya rasu a kan gadonsa a watan Agustan 2014 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Da sojoji suka jeru don harbin ban-girma, Milagros ta ɗaga musu hannu ta ce, “Don Allah, 'ya'yana, ku bari. Shi ne namijin farko a gidan nan da aka kawo nan ba harsashi a jikinsa.”

Ya bar matarsa da Rodel, manomi, da Luzviminda, ungozoma, da Arnel, matuƙin jirgin ruwa, da Corazon, malama, da Nonito, kanikanci. Biyar aka haifa masa, su biyar ɗin kuma suka ɗauki gawarsa.