Zoben Tawadar Yaya Sule

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Malam Sule makwancinsa a nan Kontagora. Allah Ya jiƙansa. Shi malamin kimiyya ne a sakandare, ni kuwa allo na riƙe, har yau da ajami nake rubutu. Kurtun tawadata ne ya haɗa karatuna da nasa.

Wata rana tawada ta ɗiga a allona ta bushe. Ya ɗauka ya ƙura mata ido, ya ce, "Bala, me ya sa baƙin ya taru a gefe kamar zobe, tsakiya ta yi fari?" Na ce haka Allah Ya so. Ya ce, "Na yarda. Ta wace hanya Ya so nake tambaya."

Daga nan ya shiga ɗiga tawada a kan fasassun gilasan taga. In ya ƙara mata ƙaro, sai ta tsattsage kamar lakar fadama da rani. In ya tsinka ta da ruwa, wani lokaci ta yi rassa kamar jijiyar ganye. Ya ce ƙwayoyin baƙin tukunya ne, ƙanana da ido ba ya gani, ruwa ke kwashe su zuwa gefe yayin da yake ƙafewa, su jeru ba mai jera su. Duk ya rubuta a littafi da ajami, wai don in iya karantawa.

Gari kuwa ya ce duba yake yi. Har daga Beri aka zo wai ya nemo ɓataccen bijimi. Da ya sallame su, sai aka ce rowar asiri.

Ranar sadakar uku kawunmu ya ga ajami da zane-zane, ya ce hatimai ne, a ƙone su kada su bi 'ya'yan mamaci. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Kawu yana da wannan uzurin, ni ba ni da shi, domin na karanta kowane shafi. Na yi shiru don kada a kira ni ƙanen boka. Ni na miƙa ashana.

Bana 'yarsa Hajara ta dawo daga jami'a, ta ce, "Baffa, zoben nan fa yanzu manyan masana ke bincikensa. Ina takardun Baba?" Na ce gara ta cinye.

Da yana raye, ba na jin zai damu da wa aka yaba. Ni zai kalla, ya tambaye ni ta wace hanya gara ta ci.

Babu littafinsa, babu gilashi ko ɗaya. Sai zoben, da yake fitowa a allona duk sanda tawada ta ɗiga. Hajara, ba gara ba ce.